Ciwon da ke ɓuya bayan «lafiya lau»

A ƙasar Hausa gaisuwa doguwa ce, amma amsarta ɗaya ce. A tambayi mutum kwana, a tambaye shi gajiya, a tambayi iyali da kasuwa, shi kuwa ya yi ta jera «lafiya lau» da «sai godiya», ko da daren jiya bai runtsa ba. Haka tarbiyya ta koyar, kuma tana da hujjarta: an ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma magidancin da ke kai kukansa kowace rumfa ba ya daɗewa da mutunci a kasuwa. Sai dai akwai wani ciwo wanda ke samun inuwa ƙarƙashin wannan kyakkyawar ɗabi'a, ya yi ta girma a ɓoye har ya kayar da mai shi. Likitoci na kiransa «defaresiyon» da Faransanci. Da Hausa kuwa ana cewa ciwon damuwa ko ciwon baƙin ciki. Labarin wani ɗan kasuwa na Maraɗi ya isa ya nuna ta inda ciwon ke shiga, da kuma ta inda ake fita.

Ba za a faɗi sunansa ba. Alhaji ake ce masa, kamar dubban irinsa, kuma ya haura shekara hamsin. Sana'arsa wake da aya. Da kaka yakan karɓi kuɗi hannun ubangidansa, ya bi kasuwannin ƙauye ya saya, ya tara a mangaza. In farashi ya ɗaga sai ya loda a mota, ta Ɗan Isa da Jibiya, zuwa Katsina da kasuwar Dawanau ta Kano. Tsakaninsa da ubangidansa babu takarda, tsakaninsa da abokan cinikinsa na ƙetaren iyaka ma babu. Amana ita ce jarinsa, kuma shekara da shekaru bai taɓa saɓa ranar biya ba.

A watan Agusta na 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa. Ƴan kasuwa suka ce abin na mako biyu ne ko uku. Makonni suka zama watanni, annobar korona ta 2020 ta zo ta ƙara wa ƙofa sakata. Da aka buɗe wasu mashigai a watan Disamba na 2020, ta Jibiya ba ta cikinsu. Sai a 2022 aka buɗe ta. Waken Alhaji ya zauna a mangaza ƙwari na ci, har ya sayar da shi da asara. Masu riƙe da kuɗinsa a can suka fara da ba da haƙuri, daga baya suka daina ɗaukar waya. Shi kuwa kuɗin ubangidansa na wuyansa, ga gida mai baki goma sha, ga ɗiya da aka sa wa ranar aure.

Barci ne ya fara gudu. Yakan kwanta bayan lisha, ya farka tsakar dare, ya yi ta lissafi iri ɗaya wanda ba ya fita, har ladan ya kira asuba. Daga nan sai ciwon kai da ciwon wuya, da zafi a ƙirji kamar an ajiye garwashi. Ya zama mai saurin fushi, shi da ƴaƴansa ba su san tsawarsa ba. In salularsa ta yi ƙara sai gabansa ya faɗi tun bai duba mai kira ba.

Wannan mataki na farko kowa na iya shigarsa, domin Allah ya halicci jikin ɗan Adam da shirin ko-ta-kwana. Idan haɗari ya taso, ƙwaƙwalwa takan aika saƙo ga wasu ƴan gaɓoɓi biyu da ke zaune bisa ƙoda, su zubo sinadarai cikin jini, adirenalin da kortizol. Zuciya ta ƙara bugu, numfashi ya yi sauri, sukari ya ƙaru cikin jini, ciki ya sassauta narka abinci, barci ya kau. Shirin nan rahama ne ga manomin da ya yi kiciɓis da maciji a gona: ya yi tsalle, ya tsira, jiki ya koma daidai. Amma maciji yakan shige rami, bashi kuwa yana nan da safe, yana nan da dare. Jikin da ya yi watanni cikin shirin gudu, ba tare da ya gudu ba, dole ya gaji, kuma daga wannan gajiya hawan jini da ciwon ciki da rashin barci ke samun ƙofa.

Wata Juma'a, yana cikin sahu, Alhaji ya ji ƙirjinsa ya ɗaure, gumi ya karyo masa, hannuwansa na rawa, numfashi na neman gagararsa. Ya tabbata ajali ne ya zo. Bayan ƴan mintoci abin ya lafa kamar ba a yi ba. Wannan shi ne farmakin fargaba: yana zuwa ba sallama, ya kai ƙololuwa cikin mintoci, ya wuce. Shi kansa ba ya kisa, ko da yake duk wanda ya ji ciwon ƙirji wajibi ne a fara duba zuciyarsa. Amma tsoron kada ya dawo ya sa Alhaji ya fara ƙaurace wa taro. Ya daina zama majalisar ƙofar gida, ya daina zuwa suna da ɗaurin aure, daga baya kasuwar ma ya bar wa yaronsa.

Sau uku ana kai shi asibiti. Aka gwada masassarar cizon sauro, babu. Aka auna jini, aka ce ya ɗan hau, aka rubuta magani. Kowane zuwa, abin da yake faɗa wa malamin asibiti shi ne kai da ƙirji da kasala, domin su ne ciwon da namiji ke iya faɗa ba tare da jin kunya ba. Malamin kuwa, ga layi har waje, ya rubuta maganin abin da aka faɗa masa. Gida aka karɓo rubutu aka sha, aka yi turare, wasu suka ce sammu ne na abokan gaba, wasu suka ce iska. Wani yaro ya kawo masa tiramol daga masu tallar magani, ya ce yana sa ƙarfi. Ya sa na kwana biyu, sa'an nan ya bar shi cikin kasalar da ta fi ta da. Sa'arsa ɗaya, ya daina tun kafin ƙwayar ta kama shi, domin tana cikin masu sa jaraba.

Sannu a hankali fargaba ta ba da wuri ga wani abu da ya fi ta nauyi. Alhaji ya daina jin daɗin komai. Tuwon da yake so ya koma masa kamar ƙasa. Jikarsa da ke hawa cinyarsa ya daina ɗaga ido ya dube ta. Ya rame, riga ta yi masa yawa. Yakan idar da salla bai san raka'a nawa ya yi ba, abin kuma ya ƙara masa baƙin ciki, yana ganin har Ubangijinsa ya juya masa baya. Ya riƙa jin shi ne ya jawo wa gidansa wulaƙanci, kuma shi kaya ne a wuyan iyalinsa. Duk da haka, wanda ya leƙo gaisuwa amsa ɗaya yake samu: «Lafiya lau, ɗan jiki ne kawai.»

Labarin zuciya a tambayi fuska, kuma uwargidansa ta daɗe tana tambayar fuskar. Da abin ya ishe ta, sai ta yafa mayafi ta tafi gidan taubashinsa, ɗan gwaggonsa, tsohon malamin lakwal wanda ya ajiye aiki, wanda dukan unguwa ke kira Mushe. Ta ce masa: «Yaya, ƙanenka ba ya ci, ba ya barci, ba ya magana. Na rasa inda zan sa kaina.» Ba banza ta zaɓe shi ba. Wasan taubasai da wasan ƙabilu, wanda UNESCO ta sanya cikin gadon al'adun duniya da sunan Nijar a 2014, ba raha kaɗai ba ne: shi ne ƙofar da al'ada ta bari a buɗe domin a faɗa wa babba abin da ƙanensa da matarsa ba su isa su faɗa ba.

Mushe ya yi sallama ya shiga har ɗaka. «Alhajin wake, an ce ka shiga takaba. Wa ya rasu ba a gaya mini ba?» Alhaji ya ce lafiya lau. Mushe ya ce: «Wannan amsar ta ƴan kasuwa ce, ka ajiye musu. Ni ɗan gwaggonka ne. Yaushe rabonka da barci?» Bai yi masa wa'azi ba, bai ce ya dubi waɗanda suka fi shi wahala ba. Labarin kansa ya ba shi. A shekarun 1990 ma'aikatan gwamnati sun yi watanni da dama ba albashi. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa, kuɗin Faransa guda da ake canzawa sefa 50 ya koma sefa 100, kayan kanti da magunguna suka yi tashin gwauron zabi. A lokacin Mushe na koyarwa a wani ƙauye, mai kanti ya rufe masa littafin bashi, ya kai ga canza hanya domin kada su haɗu. Ya yi kusan shekara yana tsayawa gaban allo da alli a hannu, ya manta abin da zai rubuta. Ba wanda ya gaya masa cewa abin ciwo ne mai suna da magani. Sai bayan shekaru ya gane.

Alhaji bai taɓa jin wannan labari ba, alhali tare suka tashi. Ya yi shiru, sa'an nan hawaye suka zubo masa, ya faɗi bashin tun daga farko har ƙarshe. Da ya gama, Mushe ya yi masa tambayar da mutane suka fi tsoro: «Ka taɓa jin gara mutuwa da wannan zama?» Alhaji ya sunkuyar da kai, ya gyaɗa. Masana sun tabbatar cewa wannan tambaya ba ta cusa wa mutum tunanin da ba shi da shi. Sau da yawa ma sauƙi take kawowa, domin ta nuna akwai mai iya jin amsar. A daren nan Mushe ya kwana a gidan, ya karɓi makullin mangaza inda ake ajiye maganin ƙwari, ya ce wa uwargida kada a bar shi shi kaɗai.

Da ya ambaci likita sai Alhaji ya tubure. «Mushe, so kake a ce na haukace? Wa zai sake ba ni amanar dala?» Tsoron nan ba nasa ba ne shi kaɗai. Ga mutane da yawa, ciwon ƙwaƙwalwa ɗaya ne tak, na mai yawo tsirara a tasha, kuma ambaton sashen masu taɓin hankali na babban asibitin Yamai, wanda aka sani da Pavillon E, ya isa ya sa dangi su ɓoye majinyacinsu. Alhali kuwa mai ciwon damuwa hankalinsa na nan daram, kuma mafi yawansu ba sa bukatar kwanciya asibiti. Tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta fito da wani tsari na koya wa likitoci da malaman asibiti na gama-gari yadda za su gane wannan ciwo su yi maganinsa, saboda likitocin ƙwaƙwalwa ƙalilan ne a ƙasashe irin Nijar. Mushe ya ce masa: «Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wannan karon ni zan fara magana, kai ka ƙarasa.»

Akwai wata katanga ta biyu, ita ce zaton cewa baƙin ciki raunin imani ne. Limamin unguwarsu, da Mushe ya kai masa maganar, ya tunatar da su cewa shekarar da Nana Hadiza da Abu Ɗalibi suka rasu ana kiranta Shekarar Baƙin Ciki a tarihin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kuma Annabi Yaƙubu ya yi baƙin cikin rabuwa da Annabi Yusufu har ganinsa ya tafi, ba wanda ya ce imaninsa ya ragu. Neman magani kuwa umurni ne na addini. Tun fiye da shekara dubu da suka wuce, malamin nan Abu Zaidi al-Balkhi, wanda ya rasu a shekarar 934, ya rubuta littafi kan gyaran jiki da rai, inda ya bambanta baƙin cikin da aka san dalilinsa da wanda ke sauka ba dalili, ya ce na biyun yana da tushe a jiki kuma yana bukatar magani. Liman ya ce a ci gaba da addu'a, a kuma tafi asibiti, domin ɗaya ba ya korar ɗaya.

Likitan da suka gani ya saurara fiye da yadda ya rubuta. Ya duba zuciya da sukari da ƙarancin jini da maƙoƙo, domin wasu cututtukan jiki kan yi kama da ciwon damuwa. Sa'an nan ya bayyana musu ma'auni: baƙin ciki ko rashin jin daɗin komai, kusan kullum, na aƙalla mako biyu, tare da lalacewar barci da ci, da kasala, da rashin tattara hankali, da ganin kai ba shi da amfani, har abin ya hana mutum aikinsa. Ya rubuta masa fuluwoksetin, ɗaya daga magungunan da OMS ta lissafa cikin na wajibi tare da amitiriftilin. Ya gargaɗe shi abu uku: maganin ba ya aiki rana ɗaya, sai an yi makonni kafin a ga sauƙi, in an ji sauƙi ba a dainawa, ana ci gaba wata shida ko fiye, kuma da shawarar likita ake ragewa, sa'an nan a farmasi ake sayensa, ba a faifan mai talla ba.

Likita ya ce kuma ƙwaya rabin magani ce. Ya sa masa aiki: ya tashi ya kwanta a lokaci ɗaya kullum, bayan sallar asuba ya taka da ƙafa rabin sa'a, ya bar shayi mai ƙarfi da goro daga la'asar, domin suna kore barci suna ƙara bugun zuciya, in fargaba ta taso ya zauna ya shaƙi numfashi a hankali, ya sake shi a hankali fiye da yadda ya shaƙa, har ta wuce. Mafi wuya duka, ya koma cikin mutane tun kafin ya ji sha'awar komawa. Ciwon nan yakan ce wa mai shi ya jira sai ya ji ƙarfi sa'an nan ya fita, alhali ƙarfin a wajen fitar yake. Mushe ya riƙa zuwa kowace asuba yana buga ƙofa, su gangara wajen lambunan Gulbi su dawo, wani lokaci ba mai cewa uffan.

Saura bashi, wanda ba ƙwayar da ke biyansa. Mushe ya kawo littafin ƴan lakwal da biro, suka rubuta abin da ake bin Alhaji a shafi ɗaya, abin da yake bi a ɗaya shafin. Lissafin da ya yi watanni yana juyawa cikin duhu, da ya sauka kan takarda, ya zama mai nauyi amma mai iyaka. Suka tafi tare wajen ubangidan, wanda Alhaji ya yi wata da watanni yana gudu. Dattijon ya saurara, ya ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma shi ma rufe iyakar ta taɓa shi. Abin da ya ɓata masa rai shi ne ɓuyan, ba asarar ba. Bai yafe ba, amma ya raba biyan kashi-kashi. Alhaji ya sayar da fili ɗaya, aka yi auren ɗiya daidai ƙarfi.

Sauƙin bai zo a miƙe ba. Barci ya fara dawowa, sa'an nan ci, sa'an nan wata rana aka ji shi yana yi wa jikarsa dariya. An yi mako mai kyau, an yi maras kyau. Dukiyar da ta tafi ba ta dawo ba. Yau a rumfa yake, yana sayar da buhu ɗaya-ɗaya, kuma da sauran biya a kansa. Ya san ciwon na iya komowa, ya kuma san alamunsa na farko, da ƙofar da zai buga.

Alhaji ɗaya ne cikin jama'a mai yawa. Ƙididdigar da OMS ta bayar ta shekarar 2019 ta nuna kimanin mutum miliyan 280 na fama da ciwon damuwa a duniya, kuma fiye da mutum dubu 700 ke kashe kansu kowace shekara. Mata sun fi maza kamuwa, kuma fiye da ɗaya cikin goma na masu ciki da masu jego na shiga cikinsa. Sau da yawa akan ce wa mai jegon da ta daina fara'a ta cika shagwaɓa, alhali ciwo ne. Ma'aikacin da aka yi wa canjin wurin aiki nesa da iyali, da wanda ya ajiye aiki ya tarar ba mai sallama a ƙofarsa, da ɗan kasuwar da canjin naira ya cinye wa jari, da saurayin da ya gama karatu yana kwana a fada, duk hanya ɗaya ce ke iya bi da su. Wani kuma ciwon kan same shi cikin wadata, ba asara ba rashi.

Haƙuri maganin zaman duniya ne, babu mai musu. Amma haƙuri da ƙaddara daban, ɓoye ciwo daban. Wanda ya karye a ƙafa yakan yi haƙuri, ya kuma aika a kira maɗori, ba wanda ke ganin gazawarsa. Rufin asirin da magidanci ke nema bai tonu ba don mutum ɗaya amintacce da likita ɗaya sun ji. Abin da ke tona shi shi ne faɗuwar da ke biyo bayan dogon shiru. Nauyin kuwa bai rataya ga majinyaci shi kaɗai ba, domin ciwon kansa ne ke ɗaure masa harshe. Ya rataya ga uwargida, da aboki, da abokin aiki a ofis, da maƙwabcin rumfa: wanda ya ga ɗan uwansa ya rame, ya janye jiki, ya bar abin da ya saba, to ya karɓi «lafiya lau» ta farko don ladabi, sa'an nan ya nemi wuri ya zauna, ya sake tambaya, ya saurara ba tare da gaggawar nasiha ba. In amsar ta kai ga ambaton mutuwa, kada a kwana ba a nemi likita ba.

Allah ya ba marasa lafiya lafiya, na jiki da na zuci, ya kuma haɗa kowane mai ƙunci da wanda zai tambaye shi sau biyu.